Baƙon da Ake Ɗaukowa Ya Kashe Maciji

Shekarar da tsutsa ta cinye mana hatsi yana tsaye a kan kara, har wasu gidaje a garinmu Gidan Amumune ba su buɗe bakin rumbu ba don babu abin zubawa, a shekarar ne na je ƙasar Binin ni da Laminu. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Yanzu shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan ne dogon abu na farko da na zauna na rubuta da hannuna.

Laminu ɗan kawuna ne, taubashina, mutumin Attantane. Gidansu gidan malamai ne. Gidanmu kuwa kowa ya san kakanninmu ba su yi salla da wuri ba, shi ya sa tun muna yara "jikan arna" yake ce mini, ni kuma in ce masa "bawana". Na girme shi da shekara shida. Da za mu tafi, kawu ya ce mini, "Abdu, kai ne mai haƙuri, shi ne mai baki. Ka dawo mini da shi." Na ce to.

A Malanbil aka fara cutarmu, muna tsallake gada daga Gaya. Wani ɗan kamasho mai Hausa kamar tamu ya ce akwai mai albasa a Paraku da ke neman ma'aikata. Muka yi lodin buhuna tun safe har la'asar, muka hau saman kamiyon, wato motar kayan, rana ta gasa mu, warin albasa ya shiga tufafinmu. A Paraku muka sauke buhun ƙarshe, sai mai kayan ya ce ai kawo mu da ya yi shi ne ladanmu. Laminu ya yi ta faɗa da Faransancin da bai fi kalma goma ba. Ni na ja hannunsa muka wuce.

Mun yi wata guda da kwanaki a Paraku muna dakon doya. Abin da ya fi damuna a can ba nauyin kaya ba ne, rashin fura ne. Sai in wuni ina jin ƙanshin dawo a hanci, alhali babu shi. Wata mai koko a bakin kasuwa ta lura kullum kofi ɗaya muke saye mu raba, sai ta riƙa cika mana shi sau biyu tana kawar da kai. Ba mu taɓa jin harshen juna ba.

Da kasuwar doya ta mutu muka gangara Kwatano. Nan na fara ganin teku, ban so shi ba. Ruwan da ba a ganin ƙarshensa, kuma ba ya yin shiru. Muka sauka a zango, unguwar Hausawa, muna kwana a barandar wani shago. Kwana tara babu aiki.

Rana ta goma dattawan zango sun tafi jana'iza, sai ga wani mutum mai farar riga a goge, ya ce sunansa Kojo. Ya iya Hausa, ya ce ya taɓa ciniki a arewa. Ya ce aikin sassabe ne a wani ƙauye bakin tafki, kwana uku, da abinci da wurin kwana.

"Yaushe kuka zo ƙasar nan?" ya tambaya.

"Ba mu daɗe ba," in ji Laminu.

"Madalla. Ku Musulmi ne ko? Ba ku tsoron komai sai Allah."

"Ni dai haka ne," Laminu ya ce yana nuna ni da leɓe. "Wannan kuwa sai a hankali, jikan arna ne."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Amma na riƙe abu ɗaya a raina. Ga samari zaune a zangon da suka shekara a garin, sun san hanya, sun ji harshen mutane, bai kalli ko ɗayansu ba. Sababbi yake so.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Daga bakin kwalta sai da muka yi tafiya mai nisa a kan babur, cikin kwakwa da ciyayi masu tsawon mutum. A gefen garin ana gina majami'a da bulo, an ɗora kwano, ba a yi shafe ba. Bayanta akwai kurmi ƙarami: manyan itatuwa huɗu ko biyar, ƙarƙashinsu duhu ko da rana tsaka. Kojo ya ba mu adduna biyu sababbi, ya ce kurmin za mu share, za a faɗaɗa fili.

Wunin farko muka sare ciyawa da ƙananan itatuwa na gefe. Mutane suna wucewa da tuluna da komar kifi, sai su tsaya daga nesa su zuba mana ido. Na gaishe su da hannu, babu wanda ya amsa. Wata mata ta ɗora hannu biyu a ka, ta juya da sauri. Kuma a cikin masu zuwa majami'ar akwai ƙarti majiya ƙarfi, suna kawo mana ruwa, suna yaba aiki, amma babu wanda ya taka cikin kurmin ko da taki ɗaya.

Da la'asar fasto ya zo. Mutum ne siriri mai sanyin murya, bai yi kama da mugu ba. Ya buɗe wani littafi ya nuna mana hoto: mace da namiji a gindin itace, maciji ya naɗe reshe yana yi wa macen magana. Kojo yana fassara. Ya ce wannan ne ya yaudari Hauwa'u aka fitar da mutane daga Aljanna, ya ce shi ne Shaiɗan, kuma shi ne mutanen garin nan suke durƙusa wa a cikin kurmin nan tun kaka da kakanni.

"Mu a karatunmu Iblis aka ce," in ji Laminu. "Amma duk ɗaya ne, maciji ai ba abokin kowa ba ne."

Ni kuwa a lokacin na hangi abin da ke gindin babban itacen. Farin ƙyalle ne ɗaure a jikinsa, da tukwane a kife, da wata ƙwarya ƙarama mai sauran wani abu fari a ciki.  Na san ƙwaryar nan. Ba ita ba, amma irinta.

A gidanmu, ina yaro ɗan shekara tara ko goma, akwai maciji a ƙarƙashin tsohon rumbu. Kan gidanmu ne, wanda kakanni suka ce shi ke tsare gida. Ba a kashe shi, ba a nuna shi da yatsa, kuma bai taɓa saran kowa ba. Bayan rasuwar kakana, kakata Tabawa ce ta riƙe abin. Kafin a yi shuka sai ta zuba nono a wata ƙwarya ƙarama ta ajiye a bakin ramin, ta yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Babana ya je karatu gabas ya dawo, ya ce wannan shirka ce, Shaiɗan muke kiwo a gida. Gaskiyarsa ce a addini, ban taɓa musun wannan ba. Amma shi da kansa bai iya ɗaga masa sanda ba. Ƙannensa ma suka ƙi. Ɗan gida ba ya kashe kan gida, ko ya daina yarda da shi hannunsa ba ya ɗaguwa. Sai babana ya jira har wani baƙo ya biyo ta garin, mai neman aikin ƙodago, ya nuna masa ramin ya ce maciji ya dame mu. Mutumin ya kashe shi da hauya, yana murna ya yi mana taimako. Kafin azahar tsofaffin gari sun kore shi da jifa, ko ruwa ba a bari ya cika gorarsa ba. Babana yana cikin ɗaki. Har yau ina ganin bayan mutumin yana gudu ta cikin gonaki, takalminsa ɗaya a hannu.

Da muka koma inda aka sauke mu, kafin magariba, na ce wa Laminu, "Mu tattara mu bar garin nan."

"Don mi?"

Na ba shi labarin duka. Na ce, "Ba aikin sassabe aka kawo mu ba. Akwai abin da ke cikin kurmin nan da su ba za su iya taɓawa ba. Mu ne baƙon."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ashe jinin bai bar ka ba. Mun ci rana a kan albasa, mun ci wuya a kan doya, yau mun samu aiki da abinci kana cewa mu gudu don ƙwaryar kakarka? In ka ga macijin ka gaishe shi, ƙila ɗan'uwanku ne."

"Bawana, ba wasa nake yi ba."

"To ka ga hanyar da za mu bi? Ka san inda kwalta take?"

Ban sani ba.  Na ce to gobe mu tsaya a gefe, kada mu taɓa tukwanen, in ya so mu ce aikin ya fi ƙarfinmu. Ya ce ya ji. Ni kuma na yarda, saboda ina son in yarda.

Da safe muka tarar mutanen majami'a sun taru da fararen kaya, suna waƙa, wasu sun ɗaga wayoyinsu suna ɗaukar hoto. Kojo ya ce yau sai ciki. Na ce masa addata ta dakushe, na tsuguna ina wasa ta a kan dutse, ina jan lokaci. Laminu yana can yana sarar wata igiyar itace da ta sauko kusa da tukwanen. Igiyar ta faɗo ta ture tukunya ɗaya. Daga ƙarƙashinta mesa ta fito. Ba babba ba ce, ba ta fi tsawon hannuna da rabi ba, tana tafiya a hankali kamar wadda ba ta taɓa sanin tsoron mutum ba. Ta nufi ƙafar Laminu.

Na kira sunansa, amma hannu ya riga ni. Duk wanda ya tashi a gona a ƙasarmu, in maciji ya nufo ƙafarsa ba ya tsayawa tunani. Sara biyu ya yi mata.

Waƙar ta ƙara ƙarfi. Wani ya miƙo dogon kara daga nesa ya ɗaga gawar sama don masu hoto. Laminu ya juyo yana murmushi, yana jiran a yaba masa. Sai muka ji ganga daga cikin gari, bugu ɗaya-ɗaya mai nauyi, da kukan mata.

Abin da ya biyo baya ya yi sauri. Masu fararen kaya suka shige majami'a suka ja ƙofar ƙarfe. Na ji ƙarar babur, na waiga, Kojo ne ya tafi. Na buga ƙofar da hannu biyu, ba a buɗe ba. Mutanen gari suka fito ta kowace hanya, da sanduna da itacen tuƙa kwale-kwale. Jinin yana jikin addar Laminu, don haka shi suka nufa. Ya ɗaga hannun dama ya kare kansa. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake.

Ba ni da ƙarfin da zan ture mutum talatin, ba ni da harshen da zan roƙe su. Abu ɗaya kawai na sani. Ranar da aka kashe na gidanmu, kakata ba ta yi wa kowa baki ba. Ta ɗauko farin zanenta ta lulluɓe shi, ta zauna a ƙasa ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa, sannan ta sa aka binne shi. Sai na kwance rawanina, fari ne, na rarrafa zuwa inda aka yar da mesar, na haɗa gundayen biyu, na lulluɓe su. Na zauna a ƙasa na ɗora hannu a ka. Na yi niyyar in yi kamar ina kuka. Sai kukan ya zo da kansa, har na kasa tsai da shi.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji dukan ya ragu, sannan ya tsaya. Da na ɗaga kai, wata tsohuwa ce tsaye a kaina, gajera, da farin zane ɗaure a ƙirji, da zanen tsaga a kumatunta. Ta yi magana kaɗan, ba da ƙarfi ba, samarin suka ja baya.

Aka kai mu gidanta aka sa mu a wani ɗaki mai ƙaramar taga. Hannun Laminu ya kumbura kamar kabewa, yatsu uku sun juya inda bai kamata ba. Kwana uku muka yi a ɗakin. Ana turo mana ruwa da teba da kifi, amma babu mai ce mana komai. Na riƙa salla a kusurwa, babu wanda ya hana ni.

A rana ta biyu aka kawo wata mai sayar da busasshen kifi da ta iya Hausar kasuwa. Laminu ya tambaye ta abin da ake yi wa wanda ya kashe mesa. Ta ce ita dai ta ji daga tsofaffi cewa a da bukkar ganye ake sa mutum a cinna mata wuta, in ya iya fita ya kai ruwa da ransa, ya tsira. Ta ce, "A da ne." Amma ba ta kalle mu ba da ta faɗa. Bayan fitarta muka leƙa ta taga, sai ga samari suna shigowa da busasshen ganyen kwakwa, dami bayan dami, suna tarawa a tsakar gida. Wasu suna kafa itatuwa.

Laminu ya zauna ya jingina da bango. Ya ce, "Yaya Abdu." Tun da aka haife shi bai taɓa ce mini yaya ba. "In ka koma, ka ce wa baba ban bar salla ba."

Na ce, "Kai za ka faɗa masa." Amma ina ƙirga damin ganyen da ido.

Da yammacin ranar tsohuwar ta sa aka fito da ni ni kaɗai. Ta zauna a kujera 'yar tsugune, mai kifi tana tsakaninmu.

"Ta ce wa ya koya maka lulluɓe shi?"

"Kakata."

"Ta ce ku ma kuna da shi a ƙasarku?"

"Muna da shi, Inna. A da."

"Ta ce ina ya tafi?"

Na faɗa mata gaskiya, har da baƙon da aka kora.  Sai tsohuwar ta yi doguwar magana, mai kifi tana tsinto mini abin da ta iya. Ta ce faston nan ɗan ƙanwarta ne. Yana jariri mesa ta shigo ɗaki ta bi ta kansa a kan tabarma, aka yi murna kwana biyu don an sa masa albarka. Ta ce kafin littafinsa ya zo ƙasar, wannan da muka kashe shi ne mai tsare gari, mai cinye ɓerayen rumbu, wanda ake kai wa mace in ta rasa haihuwa. Ta ce da masu littafin suka zo ba su ce babu shi ba. Cewa suka yi yana nan, amma sunansa Shaiɗan. Ta ce, "Faston ya tsane shi, amma har yau yana tsoronsa, shi ya sa ya aika aka nemo hannun da ba na gida ba."

Na ce, "Inna, ƙanena ne. Amanarsa aka ba ni. Bai san komai ba, ƙafarsa ya kare."

Ta ce ta sani. Ta ce samari suna son jini, amma ba za a ɗauki alhakin gida a ɗora wa baƙo ba. Sai dai wanda ya kashe shi ne zai haƙa kabari, wanda ya lulluɓe shi ne zai ɗauka, kuma za a aske mana kai a wanke mu a tafki.

Na tambayi ganyen kwakwar. Mai kifi ta kalle ni kamar ba ta gane ba, sannan ta ce rumfar zaman makoki ce.

Washegari aka yi. Laminu ya haƙa ramin da hannun hagu, ina tallafa masa in an kawar da ido. Na ɗauki mesar a cikin rawanina na bi bayan masu ganga, a zuciyata ina ta istigfari, don ban tabbata ba ko bayan binnewar za su sake mu. Aka aske mu da reza ɗaya, aka tura mu cikin ruwa har wuya. Da muka fito babu wanda ya taɓa mu. Wani mai kwale-kwale ya tsallakar da mu. Muna shirin shiga, sai ga wata mata da gudu ta ajiye ƙunshi a gabanmu ta juya. Takalmanmu ne da muka bari a bakin majami'a, da ƙwayoyin maganin ciwo. Mai kifi ta ce matar faston ce.

A Kwatano dattawan zango suka yi mana faɗa, suka ce da sun ga Kojo da ba mu bi shi ba, don ya taɓa zuwa neman wasu suka kore shi. Suka kai Laminu asibiti, sannan suka haɗa mu da wani direban kamiyo mai hawa arewa. Mun iso gida an riga an yi noman farko.

Na kai Laminu har zauren kawu. Kawu ya kalli hannun, ya ce, "Ka dawo da shi." Bai ƙara komai ba.

Na je wurin limaminmu na faɗa masa abin da na yi. Ya ce wanda aka tilasta, zuciyarsa tana kan imani, ya yi istigfari ya wuce. Na gode masa. Abin da ban faɗa masa ba shi ne kukan nan ba tilas ba ne. Wannan ne tsoron da ya rage mini, kuma shi nake kai wa Allah a kowace sujada.

Babana yana da rai a lokacin, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na zauna gefen tabarmarsa na ba shi labarin tun daga farko. Na zaci zai yi mini faɗa a kan rawanin. Ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Mutumin nan mai hauya. Ko sunansa ban tambaya ba."

Ga abin da muka rasa a tafiyar: shukar damina ɗaya, gashin kanmu wanda ya sake fitowa, rawanina da ke cikin ƙasa a bakin tafki, da yatsu uku na hannun daman Laminu, waɗanda ba sa lanƙwasuwa har yau, ba ya iya riƙe hauya sai an ɗaura masa. Kuma tun daga ranar bai sake ce mini jikan arna ba. In mun haɗu a kasuwa, yaya yake ce mini.